Ƙugin ampili: yadda ake gano mai laifi kafin a ɗauki sukudireba

Wata Asabar cikin watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke sa kwalta laushi, wani yaro mai kaɗa jita a ƙungiyar da ke zagayen bukukuwa ya sauke ampili daga bayan babur a ƙofar shagona a Yelwa. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Kawu, abin nan ya kunyata ni jiya. Tun farkon biki har aka watse gurnani yake kamar kura ta hango akuya. A canza masa duk abin da za a canza." Na jona shi a teburina, na kunna, na buɗe murya rabi. Shiru, sai ɗan huci wanda sai ka kanga kunne za ka ji. Yaron ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ce wallahi ba haka yake jiya ba. Na ce, "Na yarda, ɗana. Mai laifin ka baro a gidan biki, ka ɗauko mini mai shela."

Aikin amfilifaya ke nan, ko ampili kamar yadda muke cewa a nan: shela. Abin da ke fitowa daga jita ɗan mitsitsi ne, bai kai volt ɗaya ba a yawancin kaɗawa. Ampili ya karɓa ya ninka shi har ya iya girgiza lasifika. Amma ba shi da hankalin tantance waƙa da shara. Duk abin da ya shigo ta ƙofarsa, haka zai ɗaga shi. In ka ƙara masa fedal, 'yar na'urar da mai jita ke takawa da ƙafa, irin mai murɗa sauti, ninkin na iya kaiwa sau dubu, sai ƙarar da ba ta isa ta tashi sauro ba ta cika fili. Shi ya sa a ganina gyaran ƙugi aikin kunne ne da haƙuri kafin ya zama aikin dalma, kuma mafi yawan akwatunan da ake kawo mini da wannan ƙorafi lafiyarsu ƙalau.

Kowace ƙara da muryarta

Wutar da ke shigo mana gida ba a miƙe take tafiya ba, kai da komowa take, sau 50 a kowane sakan, a kan volt 220. Injinan madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, a kan wannan ƙidaya suke juyawa, haka ma wutar Injamena da ta Yola. A Amurka kuwa sau 60 ne. Don haka in ka kalli bidiyon masu gyara na can ka ji suna ta ambaton 60 da 120, kai ka mayar da su 50 da 100, sauran bayanin duk ɗaya ne.

Waɗannan lambobi biyu su ne mabuɗin. Ƙugi mai zurfi, mai santsi, wanda ka fi ji a ƙirji fiye da kunne, shi ne na 50. Ma'anarsa wutar gari ce ta sami hanyar tsallakowa cikin sauti yadda take, ko ta iska ko ta waya. Na 100 ya fi shi tsayi da kaifi kaɗan, kuma asalinsa daban. A cikin ampili akwai sashen da ke mayar da wuta mai kai da komo ta zama miƙaƙƙiya. Yakan kifo rabin da ke komawa baya ya haɗa da mai zuwa gaba, sai tudun ya zama 100 a sakan maimakon 50. Manyan kondansate, gwangwanayen nan da ke tsaye kusa da taransfoma, su ne ke cike kwarin da ke tsakanin tudu da tudu. In sun gaji, tudun ya fito a lasifika. Wannan ciwo na cikin gida ne.

Mai jita ba ya buƙatar na'urar awo don ya raba su, ma'aunin na rataye a wuyansa. Babbar tsirkiya, wadda makaɗa ke kira mi na ƙasa, tana kaɗawa kusan sau 82 a sakan. Danne ta a gaɓa ta uku, ka sami muryar da ake kira sol, sau 98. In ƙugin ya yi kusan daidai da wannan sol ɗin, ya ɗan ɗara shi kaɗan, na 100 ne. In ya nutse ƙasa da duk abin da jitarka za ta iya furtawa, na 50 ne. Mai jitar bas zai same shi kusa da sol ɗinsa na ƙasa, wanda yake 49. Sai dai ƙaramin lasifika ba ya iya fitar da 50 sosai, yakan fito da 'ya'yansa ne na sama, saboda haka kada a rantse da wannan gwaji shi kaɗai.

Sauran muryoyin ba su da wuyar ganewa. Akwai zizar da ke kama da ƙudan zuma a cikin gwangwani, mai kaifi da ƙaiƙayi a kunne: ita yawanci daga fitilun LED masu araha take, ko cajar waya, ko na'urar rage hasken fitila, ko inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida. Akwai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano daga nesa, wanda kowane ampili na duniya yana da nasa, yana kuma ƙaruwa in ka buɗe gen, maɓallin da ke ƙara ninkin sauti. Akwai ƙarar-ƙarar kamar ana taka busasshen ganye, wannan datti ne ko saki a mahaɗa. Akwai dit-dit-dirrr da kowa ya sani, wayar hannu ce ke magana da eriya. Tsohon tsarin GSM yana aika saƙonsa guntu-guntu kusan sau 217 a sakan, shi kake ji. Cire wayar daga aljihun da jita ke jingina, ka kuma daina ajiye ta a kan ampili. Wani lokaci har tashar rediyo za ka ji tana labarai a cikin lasifikarka, wato wayar jita ta zama eriya saboda rigarta ta yage.

A warware sarƙar ɗaya bayan ɗaya

Sauti yana bin hanya ne: jita, waya, fedal, wata wayar, ampili, lasifika, ga kuma wutar da ke ciyar da su duka. Kuskuren da kowa ke yi shi ne canza abu uku a lokaci guda. In ƙugin ya tafi ba ka san wanne ya kore shi ba, gobe ya dawo ka koma farko.

Fara da zare komai daga bakin ampili, ka bar shi da wuta kawai. Yawancin ampili an yi bakinsu yadda in babu fulogi a ciki zai rufe kansa da kansa, ya haɗe da mas, wato ƙarfen jikin ampili inda ake zubar da ƙara. In ya yi shiru, to ka wanke shi, laifin na gaba ne. In bai yi ba, mayar da murya sifili. Ƙugin da ya rage duk da murya na sifili ya shigo ne bayan maɓallin murya, wato daga sashen wuta ko sashen ƙarfi. Wanda ke tashi da sauka tare da maɓallin kuwa kafin maɓallin yake shiga. Da wannan kaɗai ka raba akwatin gida biyu ba ka kwance ko sukuru ɗaya ba.

Sai ka sa jita kai tsaye da waya ɗaya wadda ka amince da ita, ba fedal ko ɗaya. Rufe muryar jitar daga jikinta. In shiru ya samu, mai yiwuwa ƙarar daga cikin jitar take. In ba ta tafi ba, waya ce. Girgiza ta kusa da kawunan biyu, nan take yawan karyewa.

Maganar waya tana da wani tarko da ya kama mutane da yawa, har da yaron nan nawa. Wayar jita da wayar lasifika kansu iri ɗaya ne, fulogi mai kaurin milimita 6.35, in an zuba su a jaka ɗaya ba mai raba su da ido. Amma cikinsu ba ɗaya ba. Ta jita silin tagulla ɗaya ne a tsakiya, an yi masa riga da saƙaƙƙiyar tagulla wadda ke tare ƙarar waje ta zubar da ita a mas. Ta lasifika sili biyu ne masu kauri a jere, tsirara, ba riga. Sa ta lasifika a jita, sauti zai fito, amma da duk sharar unguwa. Kwance kan fulogin ka duba, aikin sakan goma ne. Tsawo ma yana da nasa: in ta wuce mita shida, ƙara na ƙaruwa, kaifin sautin na raguwa.

Fedal kuma a mayar da su ɗaya-ɗaya, ana saurare. Yawancinsu volt 9 suke ci, kuma irin na kamfanin Boss da masu bin tsarinsa tsakiyar fuloginsu ne korau. Cajar da aka tsinta a kasuwa don kawai kanta ya shiga ramin, ko da ta ba da volt 9 ɗin, ba a tace ta don sauti ba. Gwajin mai sauƙi ne: sa wa fedal batir. In zizar ta ɗauke, ka san inda kuɗinka zai tafi. Haka nan jera fedal biyar a kan caja ɗaya, musamman in akwai mai kwamfuta a cikinsu, yakan sa ɗaya ya zuba wa sauran dattinsa.

Abin da ke cikin jitar kanta

Ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai abin da makaɗanmu ke kira mikro, sunan da ke rikita shi da makirufon mawaƙi, don haka ni kunnen jita nake ce masa. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla wadda ta fi gashi laushi, naɗi wajen dubu takwas a irin na Stratocaster, jitar da kamfanin Fender ya fitar a 1954 wadda kwaikwayonta ya cika kasuwanninmu. Tsirkiyar ƙarfe ta motsa a gaban maganaɗisu, wuta ta haihu a cikin naɗin. To amma naɗin waya bai san tsirkiya ba, duk wani filin maganaɗisu mai motsi yana amsa masa. Taransfomar ampili, regilate mai daidaita ƙarfin wuta, fanka, firji, wayar wuta da ke cikin bango, kowannensu yana fesa nasa sau 50 a sakan.

Wannan ba lalacewa ba ce, halitta ce. Mai kunne ɗaya-ɗaya dole ya yi ƙugi. Alamarsa kuwa ba ta ɓuya: riƙe jitar ka juya a hankali kamar mai neman alƙibla. Za ka ji ƙugin ya ƙaru, ya ragu, a wata fuskar ya kusa ɓacewa. Matsa nesa da ampili taku uku, ya sake raguwa. Duk ƙarar da ke canzawa da juyawarka ta iska take zuwa, ba mai gyaran da zai cire ta daga cikin ampili.

Wani injiniyan kamfanin jita na Gibson mai suna Seth Lover ya nemi rajistar maganin abin a 1955: naɗi biyu a jere, ɗaya a juye, maganaɗisunsu ma a juye. Ƙugin da ya shiga na farko ya shiga na biyu a kife, sai su kashe juna, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu ya ƙaru. Shi ne hambaka, faffaɗan kunnen nan. Jitoci masu kunne uku na zamani da yawa an juya na tsakiyarsu don wannan dabara, shi ya sa in ka sa maɓallin zaɓi a matsayi na biyu ko na huɗu ƙugin ke faɗuwa. Masu kaɗa salon Kongo da makosa sun fi son siririn sautin kunne ɗaya, na kuma fahimce su, sautin yana da daɗi. Sai dai wanda ya zaɓi zuma ya san da harbi.

Ana yawan ba da shawarar a shimfiɗa takardar tagulla ko ta alminiyom a ramin jita. Tana aiki, amma a san iyakarta. Ziza mai kaifi take tarewa, ba ta hana zurfafan ƙugin maganaɗisu shiga. Kuma in ba a haɗa ta da mas ba, ƙara ɓata lamarin take.

Sai gwajin hannu, wanda mutane ke yi kullum ba su san fassararsa ba. Ka ɗora hannu a kan tsirkiya ziza ta ragu, ka ɗauke ta dawo. Da yawa suna cewa jitar ba ta da mas. Akasin haka ne. Jikinka ne eriya, buhun ruwa da gishiri da ke kwasar ƙarar ɗaki yana miƙa wa jitar da ke manne da cikinka. Da ka taɓa tsirkiya, wadda aka haɗa da mas ta wata 'yar waya a ƙarƙashin gada, ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kai, sai jikinka ya zube abin da ya kwasa. Wannan lafiya ce. In taɓawar ba ta canza komai ba alhali taɓa ƙarfen fulogi yana rage zizar, 'yar wayar gadar ta tsinke. In kuwa taɓawa ƙara zizar take, ko dai wani ya juya wayoyi biyun bakin jitar wurin liƙi, ko kuma ampili ba shi da ƙasa sam. A nan maganar ta bar sauti ta koma ta rai.

Ƙasa

Wayar wuta uku ce a tsari: mai wuta, mai komowa, da ta ƙasa, mai launin kore da rawaya. Ta ukun ba ta ɗaukar komai a ranar lafiya. Aikinta ta riƙe ƙarfen jikin ampili daidai da ƙasar da kake takawa, yadda in wata waya ta kubce a ciki ta taɓa jiki, wutar za ta bi ta can, fiyus ya ƙone ko disjonkta, makunnin da ke yanke wuta da kansa, ya faɗi. In babu ita, wutar jira take wani ya taɓa. Tsirkiyar jitarka kuwa a haɗe take da jikin ampili ta rigar waya. Wato hannunka na kan ƙarfen akwatin duk tsawon wasa.

Mu a nan matsalar ta ninku saboda muna tsakanin tsari biyu. Priz ɗinmu, wato soket ɗin bango, irin na Faransa ne, rami biyu zagayayyu da wani ƙarfe da ya leƙo daga bango, shi ne ƙasa. Kayan kiɗa da yawa kuwa ta Mubi da Yola suke shigowa da fulogin Ingila mai ƙafa uku masu kusurwa. Sai a sayi 'yar adafta mai ƙafa biyu, ko a yanke kan a murɗa sili biyu a tura. Ampili ya kama, kowa ya yi murna, ƙasa ta tafi. Ralonj ɗin kasuwa ma, wato wayar ƙarin tsawo mai ramukan jona fulogi, sau da yawa ramin ƙasa na nan a fuska, amma in ka buɗe sili biyu ne kawai a ciki. Gidaje da yawa kuma ba a taɓa kafa musu sandar ƙasa ba tun gini.

Ko an kafa, yanayinmu na da nasa hukunci. Sandar ƙasa, mai rufin tagulla, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, da damshi take aiki. Daga hunturu zuwa bazara ƙasa kan bushe ta yi tauri, sandar da ke aiki sosai a watan Agusta ta zama kusan ado a watan Afrilu. Shi ya sa wani zauren ke yin shiru da damina ya dawo yana ziza da rani, ba abin da aka canza. A kafa ta inda ruwa ke zuba, bayan wurin alwala ko kusa da magudana, a riƙa jiƙa ta. Masu zuba gawayi da gishiri a ramin suna samun biyan buƙata, amma gishirin na cin sandar a hankali, sai an riƙa dubawa.

Alamar da ba a wasa da ita: ka riƙe jita, leɓenka ya taɓa makirufo, ka ji tsam. Ko bayan hannunka ya goga jikin ampili ka ji kamar yana rawa. Tsaya nan. Kayan zamani da yawa suna da ƙananan kondansate na tace ƙara tsakanin wuta da jiki, in babu ƙasa sukan ɗaga jikin zuwa wajen rabin wutar gari. Ƙarfinta kaɗan ne, cizo kawai take. Amma da leɓe ba za ka iya bambanta wannan da lalacewar gaske ba. Leslie Harvey, mai jita ɗan Sikotilan, a kan dandamali ya mutu a garin Suwansi na Birtaniya a 1972, ya taɓa makirufon da ba shi da ƙasa. Wani mawaƙin, Keith Relf, ya mutu a gidansa a Ingila a 1976 yana kaɗa jitar da kayanta ba su da ƙasa mai kyau. Mu kuma da muke wasa a tsakar gida, a kan ƙasar da aka yayyafa wa ruwa don ƙura, wani ma ba takalmi, gumi na zuba, mun fi su zama a bakin rami. Disjonkta mai gane zubar wuta na miliamfiya 30 a kan layin kayan kiɗa bai kai kuɗin fedal ɗaya mai kyau ba.

Abin haushi, akwai ƙugin da ƙasar ce ke kawo shi, kuma shi ne ke koya wa mutane mugun hali. Ampili na jone a wannan bango, mikisa, na'urar da ke haɗa sautukan makaɗa, na jone a wancan, kowanne da ƙasarsa, sannan ga wayar sauti ta haɗa su. An yi zobe ke nan. Ƙasashen biyu ba su taɓa zama daidai cif ba, sai 'yar wuta ta riƙa zagaya zoben ta cikin rigar wayar sauti, ƙugin 50 ya tashi. Alamarsa: kowace na'ura shiru take ita kaɗai, da an haɗa su sai gurnani. Wani gwani zai zo ya karya ƙafar ƙasa ta ampili, ƙugin ya ɗauke nan take, a tafa masa. Ya kashe ƙugi ya ɗana tarko. Hanyar gaskiya ita ce a ciyar da ampili da mikisa daga priz ɗaya ta ralonj mai sili uku. In bai isa ba, a sa DI mai taransfoma a tsakani, wato ɗan akwatin da ke miƙa sauti zuwa mikisa; maɓallin ɗage ƙasa da ke jikinsa rigar wayar sauti kawai yake rabawa, bai taɓa ƙasar wuta ba. Mafi sauƙi ma, a kafa makirufo a gaban lasifikar ampili, ba wata waya tsakaninsa da mikisa. Kuma kada wani ya ce zai haɗa ramin ƙasa da waya mai komowa a cikin priz don ya ƙirƙiri ƙasa. Fulogin wani wuri ya juye, ko mai komowar ta tsinke a hanya, jikin ampili ya zama 220.

Gurub, sola da wutar magariba

Rabin bukukuwanmu a kan janareta ake yin su. Ƙaramin gurub, wato janareta, dole ya juya sau 3000 a minti kafin ya ba da 50 a sakan, kuma ba ya iya riƙe wannan in kaya na hawa da sauka. Ga alama mai daɗin ganewa: ƙugin da muryarsa ke lanƙwasa, ya yi ƙasa in firji ya tashi, ya koma sama in ya tsaya, na gurub ne, domin wutar gari ba ta yin haka. A raba layin kiɗa da na firji da fitilun ado, a nisanta gurub ɗin, a kafa masa tasa sandar. Inbatar sola mai araha kuma ba ta zana wutar a lanƙwashe, hawa-hawa take yanka ta kamar matakala, kowane gefen matakala kuwa ziza ne, har taransfomar ampili za ka ji tana kuka da bakinta tana zafi. Wadda aka rubuta wa tsantsar sinus, wato mai zana wutar a lanƙwashe, ita ce ta kayan sauti.

Da magariba, in unguwa ta kunna komai, wuta kan yi ƙasa. Na sha auna ta a shagona ta kasa kai 200. Sashen da ke daidaita wuta a cikin ampili yana buƙatar rara kafin ya tace. In rarar ta ƙare sai ƙugin 100 ya ratso, a ɗauka kondansate ne alhali yunwa ce. Regilate na taimakawa, amma shi ma taransfoma ne babba, kada a ɗora shi a kan ampili ko kusa da mai jita. Wanda kuma ya sayo ampilin Amurka mai volt 120, ya san taransfomarsa don 60 aka naɗa ta; a kan 50 ɗinmu za ta fi zafi da gunaguni ko da an sauke mata wutar daidai.

In da gaske ciwon na ciki ne

Wani lokaci dai akwatin ne. Zafi ne babban abokin gabar kondansate: akwai ruwa a cikinsu, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 na raba kwanansu biyu. Ka auna da garin da inuwa ke wuce digiri 40 a bazara, ga akwati a rufe a bayan mota. Wanda ya kumbura a ka ko ya yi zufa a gindi ya gama. In za a canza, a sa mai lambar digiri 105 maimakon 85, a kiyaye ƙafar korau da ta tabbatau, in an juya fashewa yake.

Ƙurar hunturu na shiga maɓallan juyawa su riƙa ƙarar-ƙarar. Maganin feshi na wanke mahaɗar lantarki ake sa musu, ba man inji ba, ba kananzir ba. Ramukan baya da ba a amfani da su, na fita da dawowar sauti, suna da 'yan harsuna a ciki da ke yin tsatsa su kawo ƙara ko yankewar sauti; sa fulogi ka zare sau goma yakan warkar. Hawa babur a kan hanyoyinmu na fasa dalma a gindin manyan kaya da bakin fulogi, shi ne ampilin da ke gyaruwa in an mare shi. Na taɓa buɗe wani na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a kan allon, da damina lakar ta sha damshi ta zama hanyar wuta.

Ampili masu kwalba, wato lamp, 'yan kwalaben gilashi da ke ninka sauti, ba su da yawa a nan, amma akwai su. Ƙaramar kwalbar farko, 12AX7 ko ECC83, ninki ɗari take yi, don haka in ta tsufa ita ce ke fara shuu ko ƙara kamar ƙararrawa in an ƙwanƙwasa ta da tsinken itace. Manyan biyun na ƙarshe in ɗaya ta fi ɗaya gajiya, ƙugin da ya kamata su kashe wa juna sai ya fito. Abu biyu kuma ba sassauci: ba a kunna mai kwalba ba tare da lasifika a jone ba, taransfomar fita ce za ta ƙone, kuma kondansatensa na riƙe volt 400 zuwa 500 bayan an zare shi daga bango. Wanda bai san yadda ake sauke wannan wuta ya auna ta da mita ba, iyakarsa bayan akwati.

Akwai fedal da ke rufe sauti in ka daina kaɗawa. Yana da amfani ga mai son gen da yawa, amma labule ne, ƙarar na nan a bayansa, da ka taɓa tsirkiya za ta biyo sautin.

Yaron nan dai na bi shi gidan bikin da yamma, domin kwana biyu ake yi. Wayar da ke tsakanin jitarsa da fedal ta lasifika ce, ya are ta a wurin mai bas. Ampili na kan adafta mai ƙafa biyu, a ralonj ɗaya da igiyar fitilu masu walƙiya da aka zagaye rumfar amarya da su. Muka canza waya, muka ja masa layi daban daga gurub da ralonj mai sili uku, muka buga guntun sanda a gindin randar da ke tsakar gida muka ɗaure. Gurnanin ya tafi, saura ɗan siririn ƙugi. Ya ce, "Kawu, wannan fa?" Na ce ya juya a hankali. Da ya fuskanci ƙofar zaure sai ya ɗauke. Haka ya yi wasan daren nan yana kallon zaure, gefensa na wajen 'yan rawa, maɓallin jitar a matsayi na huɗu.